Ɗan Ƙaramin Shida a Kafaɗar Goma

Shekara ashirin da shida Mai-mita ya yi yana karanta mitar ruwa gida-gida, kuma in kana son ganin ɓacin ransa, ce masa ya taɓa kuskuren lamba. Nan take zai ajiye ƙugiyarsa, ya gyara tsayuwa, ya ba ka tarihin kansa tun daga ranar da aka ɗauke shi aiki, ko kana sauri ko ba ka yi. Kayan aikin ba su da yawa: ƙugiyar ƙarfe ta ɗaga murfi, tsumman goge gilashi, littafi mai baƙin bango, sai biro ɗaure da zare a aljihun riga don kada ya faɗa rami. Ya durƙusa, ya ɗaga, ya goge, ya karanta, ya rubuta, ya mayar da murfi. Gida ɗari da wani abu a yini. Gwiwoyinsa sun yi kanta, amma idonsa garau yake.

Akwai ƙa'ida ɗaya da yake cusa wa duk sabon ma'aikacin da aka haɗa su zagaye. A fuskar mita akwai manyan lambobi baƙaƙe, a ƙarshensu kuma wasu 'yan ƙanana jajaye masu saurin juyawa. "Baƙi shi ne naka," in ji shi. "Duk ɗan ƙaramin abin da ka gani maƙale a ƙarshe, na masu neman yoyo ne. Kau da ido." Ya faɗi wannan magana ta fi sau dubu, har ta bi jikinsa, idonsa da kansa yake tsallake ƙaramar lamba ba sai ya umarce shi ba. To wannan ƙa'idar ce ta so ta rushe masa gida.

Matarsa tela ce, a ɗakin gaba take ɗinki, kekenta a jikin taga. Shekararsu talatin tare, 'yarsu ɗaya, ta yi aure tana can wani gari. Bara aka gano matar tana da ciwon hanta. Likita ya ɗora ta a kan magani, ƙwaya ɗaya kullum da safe. Ya sa aka auna yawan ƙwayoyin cutar a jininta kafin ta fara, ya ce za a sake aunawa bayan wata shida a ga ko maganin yana ci. Maganin kuwa ya wahalar da ita ba kaɗan ba. Tashin zuciya, jiri, baki kullum da ɗaci, wani lokaci ko zare ba ta iya sa wa allura sai ta jingina ta huta. Ga ta mace mai magana ɗaya. Tun a wata na huɗu ta gaya masa abin da ke ranta.

"Malam, ka ji ni da kyau. In aka auna aka ga ba sauƙi, na gama da ƙwayar nan. Ba zan ƙarasa kwanana kaina cikin bokiti ba."

"Haba, wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda ka ji."

Ya san ta sarai. In ta ce ta gama da abu, ko gari za a tara mata ba ta komawa.

Ranar da sakamako ya fito, ɗinkin mutane ya sha mata kai, shi kuma zagayensa ya biyo ta kusa da asibitin, sai ya ce bari ya karɓo mata. Ma'aikaciyar da ke taga ta miƙo masa ambulan, ta ce ganin likita sai nan da mako biyu, layi ya yi tsawo. Ya fito ya sami benci a ƙarƙashin wata bishiya ya zauna. Babu wanda ya ce ya buɗe. Amma mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana karanta lambobi, ina zai iya riƙe takarda mai lamba a rufe?

Awo biyu ne a takardar, na farko da na yanzu, ɗaya a saman ɗaya. Na farko an rubuta 3.2 × 10⁶. Na yanzu an rubuta 8.7 × 10².

Ya karanta yadda ya saba. Uku da ɗigo biyu. Takwas da ɗigo bakwai. Goman nan iri ɗaya ne sama da ƙasa, bai bambanta komai ba. 'Yan ƙananan lambobin da suka ɗare kafaɗar goman kuwa, shida da biyu, idonsa ya bi ta kansu ya wuce kamar yadda yake wuce jajayen mita. Daga uku zuwa takwas, kusan ninki uku ke nan. Wata shida baiwar Allah tana amai, ashe cutar ƙaruwa take yi.

Yanzu fa tagar nan ba ta fi taku ashirin daga bencin ba. Ma'aikaciyar tana zaune, ba kowa a gabanta, har hamma take yi. Da ya tashi ya ce, "'Yata, me wannan yake nufi?" da an gama magana a minti biyu. Amma ina! Mai tambaya ai wanda bai gane ba ne, shi kuwa a ganinsa ya gane tsaf. A ce shi, Mai-mita guda, ya je yana tambayar yarinya sa'ar 'yarsa yadda ake karanta lamba? Ya ninke takardar gida huɗu, ya cusa ta a bayan littafinsa, ya ci gaba da zagaye.

"Ina sakamakon?" in ji matar da ya dawo, ko kai ba ta ɗaga daga keken ba.

"Bai fito ba. Sun ce a koma."

"Yaushe?"

"Za su sanar."

Ta dube shi ta wutsiyar ido, ta ci gaba da taka kekenta.

Lissafinsa shi ne, in ta ga takardar za ta watsar da magani, in kuma ba ta gani ba za ta ci gaba da sha har ranar ganin likita, wataƙila a canja mata wani. Abin da ya sa a gaba ke nan: ta ci gaba da haɗiyar ƙwayar nan ko ta halin ƙaƙa. Kullum da safe yana kasa kunne. Zai ji ta buɗe kwalbar, ta shiga kicin, famfo ya zuba, kofi ya taɓa tire. Sai ya yi ajiyar zuciya ya ɗauki ƙugiyarsa.

Sai dai tausayi ya sa shi wani sabon hali. Mutumin da shekara talatin bai san inda ake ajiye tsintsiya a gidansa ba, sai ga shi yana share ƙyallayen ɗinki da kansa. Ya wanke kofuna. Ya daina mitar ƙarar keke lokacin labaran rediyo. Ya riƙa dawowa da lemo a leda, yana ɓare mata yana cire 'ya'yan. In ta yi tari sau ɗaya sai ya miƙe tsaye. Shi a tunaninsa ɓoye sirri yake yi, wallahi ko a goshi ya rubuta bai fi haka tonawa ba.

A rana ta tara zagayensa ya kai shi layin gidan burodi, inda a ƙarshensa akwai wani gida mai koren ƙofa. Duk ma'aikatan ruwa sun san gidan, kuma babu mai son sa. Wata tsohuwa ce a ciki ita kaɗai, siririya, mai kaurin tabarau, suna kiranta Sufeto a bayan idonta. Shekara goma sha ɗaya Mai-mita yana karanta mitarta, kuma ba ta taɓa barinsa ya yi aikinsa cikin kwanciyar hankali ba. Kafin ya iso ta riga ta sa an ɗaga mata murfi ta karanta, ta rubuta a ɗan littafinta. Da ta ji ƙarar ƙugiya za ta fito ta tsaya a kansa. "Karanta da ƙarfi in ji." In ya karanta ta duba nata, ta ga daidai ne, sai ta ja tsaki kamar wadda aka cuta. Ga faɗan kada ya taka mata tukwanen fure. Ya sha roƙon Allah a ransa ya sa ta tashi daga unguwar.

Ranar ma ta fito. Ya durƙusa, ya goge gilashi, ya rubuta, ya kama murfi zai mayar.

"Ban ji ka karanta ba. Miƙo littafin."

Ya miƙa mata ba musu, abin da bai taɓa yi ba. Ta kai shi kusa da tabarau, sai ta buga tafi da littafin a hannunta.

"Yawwa! Yau dai Allah ya kama ka! Shekara goma sha ɗaya ina jiran ranar nan. Mitata ɗari shida da arba'in take nunawa, kai me ka rubuta? Takwas da ɗigo bakwai! Tun yaushe mitata ta fara ɗigo, Mai-mita? Ina idon da ake mana fankama da shi?"

Ya karɓa ya duba. Haka ne kuwa, da hannunsa ya rubuta 8.7 a gurbin gidanta. Sai kawai ya zauna daɓas a ƙasa gefen ramin mita, dattijo da furfurarsa, hawaye suka ɓalle masa.

Dariyar tsohuwar ta ɗauke ɗif.

"Kai, bawan Allah, wasa fa nake. Wa ya rasu?"

"Ba a rasu ba tukuna, Iya."

Kwana tara maganar tana cinsa bai gaya wa kowa ba, ko 'yarsa da ta bugo waya sau biyu. Sai ga shi yana zazzage ta gaban matar da ya fi ƙi a duk zagayensa. Ya gaya mata ciwon, da maganin, da alwashin da matarsa ta sha. Ya zaro takardar ya miƙa mata. Ta warware, ta karanta, ta dube shi ta saman tabarau, ta sake duban takardar.

"Wa ya karanta maka wannan?"

"Ni na karanta."

"Ai na ga alama. Share fuskarka, matarka sauƙi take samu. Sauƙi ma ba ɗan kaɗan ba."

Ya girgiza kai. "Iya, na gode, amma kada ki lallashe ni, ni ba yaro ba ne. Lamba aikina ce. Takwas ya fi uku ko a ina."

"Ni na yi maka kama da mai lallashi?"

Gaskiya ba ta yi ba. Ta jawo 'yar kujerarta daga bakin ƙofa ta zauna kusa da shi, ta buɗe ɗan littafinta a shafin da ba rubutu, ta ɗora masa a gwiwa.

"Shekara talatin na yi a ɗakin gwaje-gwaje na kamfanin madara, ina ƙirga ƙwayoyin cuta. Ba ka sani ba ko? Ina za ka sani, kai dai ka ɗaga murfi ka ɗaure fuska. A aikinmu lambobi dogaye ne, kuma sifiri ɓacewa yake a hanya. Mai kwafi ya ƙyafta ido, sifiri ɗaya ya faɗi, madarar da ya kamata a zubar ta tafi kasuwa. Shi ya sa ba ma jera su. Ba zan gaya maka ba, tunda kanka ya fi murfin nan tauri. Da hannunka za ka yi. Wace mita ce ta fi kowacce girma a zagayenka?"

"Ta kamfanin ƙanƙara."

"Nawa take nunawa?"

Wannan ko daga barci aka tashe shi zai faɗa. "Shekaranjiya ta cika dubu ɗari biyu da hamsin cif. Har tsayawa na yi ina kallonta."

"Rubuta."

Ya rubuta 250000.

"Sa bakin bironka a wutsiyar lambar, bayan sifirin ƙarshe. Yanzu yi ta ja da baya zuwa hagu, kana tsallake lamba ɗaya-ɗaya, har sai saura lamba ɗaya tak a gabanka. Kana yi kana ƙirgawa. Da ƙarfi, in ji."

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar."

"Tsaya nan. Kana tsakanin wa da wa?"

"Biyu da biyar."

"Ɗiga ɗigo a wurin. Sifiran baya sun gama aikinsu, sallame su. Me ya rage?"

"Biyu da ɗigo biyar."

"Taku nawa ka yi?"

"Biyar."

"To ba a zubar da takun. Rubuta sau goma, ka ɗora biyar ɗin a kafaɗar goman. Ma'anarsa a ninka da goma har sau biyar, ka ga an dawo inda aka taso."

Ya rubuta 2.5 × 10⁵. Ya tsura masa ido. Dogon adadin nan da ya cika gurbi ya koma ɗan gajere, kuma babu abin da ya ɓata a cikinsa.

"Yanzu yi tawa. Ta gaskiya fa, ba wadda ka ƙirƙiro ba."

Ya rubuta 640, ya sa biro a wutsiya, ya ja baya. Ɗaya, biyu. Ya ɗiga, ya sallami sifiri, ya ɗora biyu a sama. 6.4 × 10².

"Madalla. To duba. Ga ni da shida da ɗigo huɗu, ga kamfanin ƙanƙara da biyu da ɗigo biyar. Shida ya fi biyu ko a ina, in ji wani malami. Ashe ni na fi kamfanin ƙanƙara shan ruwa? Ni da butar shayi ɗaya da tukwanen fure huɗu?"

Dariya ta kufce masa, har ya buɗe baki zai ce ai ba a nan ake dubawa ba, ɗan na saman ne yake faɗin girman abin. Sai ya farga. Ya fizgo takardar asibitin daga hannunta ba ko neman izini.

Ga shida a kafaɗar goman sama. Ga biyu a kafaɗar na ƙasa. Kwana tara suna nan, ya buɗe takardar nan ya fi sau hamsin, bai taɓa ganinsu ba.

Bai jira ta ce komai ba. Ya rubuta 3.2, ya sa biro a kan ɗigon, wannan karon ya yi gaba zuwa dama, inda lamba ta ƙare yana cikewa da sifiri. Taku shida. 3,200,000. Ya rubuta 8.7, ya yi taku biyu. 870. Ya sake yi. Ya sake yi karo na uku yana ƙirgawa da yatsa kamar ɗan aji ɗaya.

"Daga miliyan uku da dubu ɗari biyu," ya ce, "zuwa ɗari takwas da saba'in."

"Ka ji da bakinka."

"Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Iya..."

Wani irin daɗi ya lulluɓe shi har kansa ya yi masa nauyi. Ya rasa ta inda zai fara. Ya yi mata godiya, ya yi wa iyayenta addu'a, ya yi wa malaman da suka koyar da ita, har kamfanin madarar sai da ya sa wa albarka. Godiyar ta yi masa yawa a ƙirji, sai ta fito da abin da bai yi niyya ba.

"Ki yafe mini, Iya. Wallahi na sha roƙon Allah ya tashe ki daga layin nan."

"Ni ma sau biyu ina rubuta wa ofishinku a canja ka, ba su kula ni ba. Mun yi canjaras." Ta karɓe littafinta. "Kwana nawa takardar nan take hannunka?"

"Tara."

"Me ka ce wa matar?"

"Na ce bai fito ba."

"Ta yarda?"

"Ta yarda mana. Har lallaɓa ta nake yi, ina taya ta shara da wanke-wanke, don kada ta gane."

Tsohuwar ta cire tabarau ta dafe goshi. "Inna lillahi. Da can kana shara?"

"A'a."

"To ai ka gama gaya mata, sakarai! Macen da ta yi shekara talatin da kai ka ɗauki tsintsiya rana tsaka, me kake so ta ɗauka? Tashi ka tafi gida yanzun nan. Kuma ka ji, ni ba likita ba ce, lamba kawai na karanta maka. Yau ɗin nan ku koma asibiti da takardar, kada ku jira ranar da suka ba ku. Tsaya! Gyara mini ɗari shida da arba'in ɗina tukuna."

Ya soke kuskurensa na farko a shekara ashirin da shida, ya rubuta daidai, ya mayar da murfi. Saura gida arba'in a zagayen ranar, ya bar su ko waiwaye bai yi ba.

Tun daga ƙofa ya ji gidan shiru, ba ƙarar keke, ga rana tsaka lokacin da ta fi aiki. Ya shiga ɗakin gaba ya ga an lulluɓe keken da zane. A kan teburin yanka an jera ledoji, kowacce da yadin mai shi a ciki ba a taɓa ba, an maƙala sunansa da fil. Matar tana zaune a kan tabarma ta jingina da bango, hannuwanta a cinya ba abin da suke yi. Bai taɓa ganin hannuwan nan haka ba.

"Lafiya ka dawo yanzu?"

"Taso ki gani. Ina allinki?"

Ya ture ledojin gefe, ya shimfiɗa takardar a teburin, ya amsa laifinsa a tsaye cikin numfashi ɗaya: ya karɓo tun kwana tara, ya karanta ba daidai ba, ya yi mata ƙarya. Sannan ya ɗauki allin tela ya rubuta mata lambar kamfanin ƙanƙara a kan katako, ya fara bayanin wutsiya da taku. Bai kai rabi ba ta karɓe allin. Mace ce da ta yi rayuwarta da tef a wuya. Ta dubi shidan, ta dubi biyun, ta ja sifiranta ras-ras, ta ja layi a ƙarƙashi kamar za ta yanka yadi. Abin da ya ci masa kusan rabin awa a bakin ramin mita, ita a minti biyu ta gama.

Ta daɗe tana kallon lambobin biyu, doguwa da gajeriya. Sannan ta miƙa hannu kan kantar da ke jikin bango ta sauko da gwangwanin maɓallai, ta zazzage shi a teburin. Cikin maɓallan ga fararen ƙwayoyi guda biyar.

"Amma ina jin famfo kullum."

"Famfo ai buɗe shi ake yi." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ranar da ka ɗauki tsintsiya na fara zargi. Ranar da ka cire mini 'ya'yan lemo na tabbatar. Na ce shi ke nan, mutumin nan ya ga abin da ba zai iya faɗa ba, me zan ci gaba da wahalar da kaina? Kwana tara, Malam! Kana zaman makokina ina raye, ko ka gayyace ni. Bakinka ciwo yake da ba za ka tambayi mutane ba?"

Ta yi masa tatas, ta haɗa da taurin kansa, da fankamarsa, da wani laifi na shekara goma da ya ɗauka an manta. Yana tsaye yana sha, kuma wallahi bai taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba, don rabon da ta ɗaga murya haka tun kafin ciwon. Da ta gaji ta tsinci ƙwaya ɗaya daga cikin maɓallan, ta hure ta, ta haɗiye a gabansa yana kallon maƙogwaronta.

"Wa ya ganar da kai?"

"Wata tsohuwa a layin gidan burodi."

"Wadda kake zagi kullum?"

"Ita."

"Allah ya biya ta. Za ka kai ni in gan ta da idona."

Likitan da suka samu da yamma abin da tsohuwar ta faɗa shi ya maimaita, ya ɗora da nasa faɗan a kan kwana biyar ɗin da aka tsallake, ya ce kada a kuskura a sake, ya kuma ba matar abin rage tashin zuciya. Amma wannan daga baya ne. Kafin su fita, ta buɗe kwaba za ta ɗauko mayafi, Mai-mita yana bayanta, sai idonsa ya faɗa kan wasu riguna a ninke a ɓangarensa. Sababbi fil, yadin kayan aikinsa, guda uku, an goge su. Kowacce da aljihun biro, har da 'yar madaukin ɗaura zare. A samansu ga ta huɗu, hannu ɗaya ba a haɗa ba, allura tana soke a jiki.

"Waɗannan fa?"

Ta yi kamar ba ta ji ba, tana gyara mayafi.

"Na ce waɗannan fa?"

"In ka fita aiki nake yi," ta ce, ba ta juyo ba. "Na lissafa huɗu za su kai ka ritaya. Na san halinka, ba za ka iya zuwa wurin wani tela ba, sai dai ka yi ta yawo da yagaggiyar riga ana cewa matarka ba ta bar ka da komai ba."

Ya dafa ƙofar kwabar. Ita kuwa ta ɗauko ta huɗun, ta zare allurar ta soke a mayafinta, ta dubi hannun da ya rage. Sai ta nannaɗe rigar ta kai teburin yanka, ta ɗaga ledojin mutane ta cusa ta can ƙarƙashinsu duka.

"Wannan kuma sai ka bi layi kamar kowa," ta ce. "Akwai mutum goma sha ɗaya a gabanka, kuma ba sauri nake ba."